Hannun da Na Sa a Ƙasar Maraɗi

Tun da na dawo daga Nijar ban ɗinka riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya leƙo shagona a unguwar Wambai, kafin ya ajiye yadinsa sai ya ce, "Zuma, yaya aka kwashe a Maraɗi?" Ni kuma in ce, "Alhamdu lillahi," in taka keke da ƙarfi don ƙararsa ta danne sauran tambayar. Sati uku ke nan ina wannan noƙe-noƙe, kuma na gaji. Ga labarin nan na rubuta gaba ɗaya, wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi, ku bar ni in gama ɗinkin mutane.

Don wanda bai san ni ba, sunana Isiyaku, tela ne ni, kuma ɗan kokawa. Dutsen Zuma aka ara aka liƙa mini, saboda shekara goma sha ɗaya ina shiga fili a Suleja da Iku da ƙauyukan kewaye, ba a taɓa cewa an kayar da ni ba. Abin da zan faɗa ba alfahari ba ne, kunya ma yake ba ni yanzu: ban taɓa gudun asuba ba, ban taɓa ɗaga ƙarfe ba. Daga kan keken ɗinki nake tashi in ɗaura walki in shiga. A lokacin ra'ayina shi ne kokawa baiwa ce, ko an ba ka ko ba a ba ka ba, masu tashi da sassafe suna zagaye filin makaranta kuwa tausayinsu kawai nake ji.

Ina da wani salo da duk Suleja ta san ni da shi. Idan abokin karawa ya kama ƙafata ta hagu ya ɗaga, nakan dafa ƙasa da tafin hannu sau ɗaya, da sauri, in yunƙuro in juya shi. 'Yan kallo suka raɗa wa abin suna "sa hannu". Da zarar na yi sai fili ya ɗauka, "Ya sa hannu! Takarda ta kammala!" Wato saura kaye. Har yaran unguwa kwaikwayona suke yi.

Wani ɗan kasuwa mai kawo albasa daga Maraɗi, Alhaji Mamman, shi ya gan ni a fili bara, ya nace sai na je kokawar kaka da ake yi a ƙauyensu. Na amsa tun bai rufe baki ba. Suna nake so ya ƙetare iyaka, ba wani abu ba. Wanda ya raka ni shi ne Malam Ndagi, Banufe, tsohon malamin motsa jiki a firamare, wanda ya fi shekara ashirin yana alƙalancin kokawa a garin nan. Muna kiransa Koci, ko da yake ni bai taɓa samun damar koya mini komai ba.

Mun tashi bayan sallar asuba. Tun a tasha aka fara, don direba ya dube ni sama da ƙasa ya ce kujera ɗaya ba za ta ɗauke ni ba. Aka sasanta, aka ba ni gaba, Koci ya matse a baya tsakanin buhun doya da wata Madam mai sayar da atamfa da za ta Kano saro kaya. Mun wuce Kaduna lafiya, dab da Zariya taya ta fashe. Direba ya fito da jak, jak ya ƙi tashi. Ana ta salati da tsaki, na cire hula na ba Koci, na kama gindin motar ni da wasu mutum biyu muka ɗaga har aka cusa dutse. Madam ta riƙe baki ta ce, "Oga tela, wannan ƙarfi duk na keken ɗinki ne?" Na ce mata, "Madam, haka aka haife ni." Har muka kai Kano kaina bai dawo daidai ba.

A motar Katsina ne Koci ya matso kusa da kunnena ya ce, "Isiyaku, idan mun je can, ka riƙe hannunka."

Na ce, "Koci, ai ba dambe za ni ba."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, sai ya fasa, ya ɓare goro. Ni kuma na juya ina kallon gonakin dawa da aka girbe.

Mun kwana a Katsina gidan wani tsohon abokin aikin Koci. Nan na fara ganin wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa. Tun daga zaure maigidan ya ce a ɓoye kifi, ɓarawonsa ya iso. Koci ya ce shi bai taɓa ganin garin da ake yi wa baƙo tuwo ba miya ana kiran abin karamci ba sai nan. Haka suka yi ta yi har aka kawo tuwon, da miya har ta yi yawa.

Washegari muka nufi Jibiya, muka ƙetare zuwa ɓangaren Nijar. Wani jandarma siriri ya karɓi katin Koci, ya ga an rubuta malamin makaranta, sai ya ƙame ya ce, "Sannu da zuwa, Mushe."

Koci ya ce, "Wa?"

"Kai, Mushe."

Ban taɓa ganin Koci ya fusata haka ba. Ya ce shi da ransa da lafiyarsa, da alwalarsa ma, wani yaro zai kira shi mushe? Sai da direbanmu ya shiga tsakani yana dariya har da hawaye, ya bayyana masa cewa haka suke kiran malamin boko a can, girmamawa ce daga Faransanci. Koci ya huce, amma ya roƙi jandarman don Allah ya tsaya a Malam. Daga nan har muka dawo, idan ina son in tayar masa da hankali, Mushe nake ce masa.

Maraɗi gari ne da ba ka jin baƙunta a cikinsa, sai an buɗe baki. Hausa ce, amma sai ka kasa kunne. Makaranta lakwal ce, likita lokotoro, tafiya kuma tahiya. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, Koci ya ɗaga ɗaya ya ce wannan a Suleja 'yan banga za a raba wa. Shayi kuma a ɗan kofin gilashi ake ba ka, zagaye uku, na farko da ɗaci har kunne. Ni da na saba da kofin Mai Shayi na bakin kasuwa wanda sai da hannu biyu, na shanye na farko a kurɓi ɗaya na miƙa hannu, ashe sai an jira rabin awa kafin na biyu.

Alhaji Mamman ya kwashe mu zuwa ƙauyensu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Aka sauke mu a wani aji na lakwal ɗin garin, an share an shimfiɗa tabarmi, ga randa a ƙofa. Aka kawo dambu da zogale da man gyaɗa, da fura mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Gaskiya sun iya karɓar baƙo. Kowa ya wuce sai ya leƙo ya ce, "Ina ɗan Najeriyar?"

Da la'asar wani mutum ya yi sallama. Gajere ne, ya kai shekara arba'in, ƙafafunsa duk faso, kunnensa ɗaya a lanƙwashe. Ya ce sunansa Labo, haƙar rijiya yake yi, kuma shi aka haɗa ni da shi gobe. Ya ajiye mini goro biyar, ya zauna. Bayan gaisuwa sai ya yi mini tambayar da na gane daga baya ita 'yan kokawarsu ke yi wa juna idan sun haɗu, kamar yadda mu teloli ke tambayar wa ya yaye ka.

Ya ce, "Wa ya kashe ka na baya-bayan nan?" Kaye yake nufi.

Na gyara zama na ce, "Ba a taɓa ba."

Na zaci zai yi mamaki, ko ya tsorata. Sai ya dube ni da tausayi na gaske, irin kallon da ake yi wa wanda ya ce shi maraya ne. Ya ce, "Allah sarki. To, wa ya koya maka kokowar?"

Na ce baiwa ce. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙara, ya yi mana sai da safe. Bayan fitarsa na ce wa Koci wannan tsohon ba zai kai minti ɗaya ba.

Filin nasu rairayi ne, an kewaye shi da buhunan ƙasa. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, makaɗa a tsakiya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne duk wanda aka kayar ba ya ɓacewa. A wajenmu wanda ya sha kaye ta bayan taro yake sulalewa, ya yi wata guda bai bi ta kasuwa ba. A can kuwa sai ya tashi ya karkaɗe jiki, su rungumi juna da wanda ya kayar da shi, ya koma cikin 'yan'uwansa ya zauna yana kallon na gaba. Na ce a raina waɗannan ba su san zafin abin ba.

Aka kira mu. Da muka kama juna na ji Labo ba nauyi, na ce shi ke nan. Na matse shi, na ɗaga, ya zame. Na sake, ya sake zamewa. Duk inda na kai hannu sai in tarar ya riga ya bar wurin. Numfashina ya fara sama-sama, shi kuwa kamar yana jan guga. Can sai ya nutse ya cafke ƙafata ta hagu ya ɗaga. Ban ko yi tunani ba, jikina ya yi abin da ya saba. Na dafa ƙasa, na yunƙuro.

Na ji usur, na ji fili ya kaure da ihu, amma a kunnena ihun gida ne. Na zaci cewa suke ya sa hannu. Labo ya riga ya sake ni ya ɗaga hannuwansa sama, ni kuwa na rarume shi ta ƙugu na ɗaga na maka shi da ƙasa.

Kiɗa ya tsaya. Ban taɓa jin shiru irin wannan a filin kokawa ba. Alƙali ya rugo yana nuna mini shatin tafin hannuna a kan rairayi, yatsu biyar cif. Ya ce, "Ka taɓa ƙasa, an kashe ka tun ɗazu! Mi ya sa ka jefa mutum bayan usur?" Wasu samari suka fara tsallako buhuna. Na waiga ina neman Koci ya zo ya yi musu bayani, na hango shi ya sunkuyar da kai.

Labo ne ya cece ni. Ya tashi yana tofar da rairayi yana dariya, ya ɗaga wa samarin hannu, ya rungume ni. Ya ce a kunnena, "Wagga ɗauka taka na da kyau. Gobe ka gwada mini ita."

Ban ci abincin yamma ba. Alhaji Mamman ya gaya mini al'adar 'yan kokawar garin ce wanda aka kayar ya je gidan wanda ya kayar da shi da safe ya gaishe shi. Na ce ba inda za ni, zalunci aka yi mini don ni baƙo ne. Da hantsi sai ga Labo ya zo da kansa, da butar shayinsa da gawayi. Ya ce tun da ban zo ba shi ya zo, ai shi ma bayansa ya taɓa ƙasa, ko da ba a lissafa ba.

Muka zauna a inuwar ajin. Na tambaye shi, cikin ɗaci, ko su kaye ba ya yi musu zafi ne.

Ya ce, "Wa ya hwaɗa maka? Ranar da aka kashe ni ba ni cin tuwo, matata ma ta san ba a yi mini magana. Ina son in ci kowa, har kai, har wanda ba a haifa ba. Amma zahin na kwana guda ne. In gari ya waye sai in tahi wurin mutumin in ce gwada mini yadda ka yi."

Ya tashi ya nuna mini kamunsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunan mutum. Wannan na wani Bagobiri ne da ya kayar da shi yana saurayi. Wannan taɗiyar ta wani mahauci ce da ya lanƙwasa masa kunne. Kamun ƙafar da ya yi mini kuwa na ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya kayar da shi a gaban surukansa. Ya ce shi ba a ba shi komai ba, gajere ne, ba ƙarfi, duk abin da yake da shi karɓowa ya yi daga hannun waɗanda suka fi shi.

Sannan ya dafa ƙuguna ya ce, "Kai kuwa Allah ya ba ka. Shekara ashirin da biyar ina kokowa ban riƙe baya irin naka ba. Amma ƙahwarka ta hagu ba ta san komi ba, don hannu ke yi mata aiki. Wani ya cuce ka da ya bar ka haka."

Na nuna masa ɗaukar da ya nema. Sau shida yana sa ni in maimaita, yana faɗuwa yana tashi, har ya kama. Ya ce daga yau sunanta Suleja.

Muka kamo hanyar dawowa har muka wuce Katsina. Sai na ce wa Koci, duk da haka alƙalin nan ya yi son kai, ai sa hannu ba kaye ba ne.

Ya ce, "Kaye ne, Isiyaku. A Maraɗi kaye ne, a Suleja ma kaye ne. Tun kakanninmu wanda ya dafa ƙasa ya faɗi."

Na ce to don me bai taɓa busawa ba?

Ya daɗe yana murza hularsa. Ya ce ranar da na fara yi ina ɗan shekara goma sha tara, fili ya ɗauki ihu kafin ya kai usur baki, sai ya ji nauyin ya kashe wa mutane murna. Na biyu ya fi na farko wuya. Daga nan abin ya zama suna, sauran alƙalai ma suka bi, don gari na son a ce yana da wanda ba a kayarwa. Ya ce yawanci taɓawar kan yi sauri har mutum ya iya ce wa kansa bai gani ba. Amma akwai guda ɗaya da ba ta bar shi ya yi barci ba, ta Bulus na Garam, shekara shida da suka wuce.

Na tuna shi. Wani Bagwari ne manomin doya, ba shi da jiki, amma kullum yana gudu a bakin titi da asuba, har muna yi masa dariya. Koci ya ce, "Ranar nan hannunka ya zauna a ƙasa har na ƙirga uku a zuciyata. Ya sake ka yana jiran usur, ka ɗauke shi ka buga. Ubansa tsohon ɗan kokawa ne, yana zaune a gaba, amma idonsa ya riga ya yi rauni, bai ga hannun ba. Abin da ya ji kawai an ce ɗansa ya saki abokin karawa don tsoro. Bulus bai sake shiga fili ba."

Na ji haushin Koci, na ji haushin Suleja gaba ɗaya. Kafin mu kai Zariya haushin ya dawo kaina, domin gaskiyar ita ce ni ma na san ranar nan hannuna ya daɗe. Na sani tun a lokacin, na bar ihun mutane ya rufe mini.

Kwana biyu da dawowa na hau mashin na tafi Garam. Na tarar da Bulus a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, ya ƙara ƙiba, furfura ta fara fito masa. Ya gan ni ya ce, "A'a, Zuma da kansa? Lafiya dai?" Ya sa aka kawo mini ruwa. Na ajiye shi gefe. Na ce masa na je Maraɗi an kayar da ni, kuma na zo ne in gaya masa ba su ne suka fara ba, shi ne. Na ce, "Ranar nan ka kayar da ni, Bulus. Na dafa ƙasa."

Ya ci gaba da fere ƙotar na ɗan lokaci. Ya ce, "Na sani. Ai ni na ɗaga ƙafar."

Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya daɗe da barin wannan magana, doya ba ta tambayar wa ya ci kokawa. Sai ya ajiye wuƙar ya miƙe ya ce, "Amma zo."

Ya ja ni cikin gida. A gindin wani mangwaro akwai tsoho zaune a kujerar katako, idanunsa sun yi fari fat, hannuwansa manya a kan gwiwa. Bulus ya durƙusa ya yi masa magana da Gwaranci, na ji sunana a ciki. Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen da nake. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ɗanka bai ji tsoro ba. Shi ya kayar da ni, alƙali ne bai busa ba."

Tsohon ya karkato da kunne. Bulus ya ce, "Ka ɗaga murya, Baba ba ya ji sosai yanzu."

Matan gidan sun bar daka sun tsaya, maƙwabta sun leƙo ta kan katanga. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba ko a wajen kirari, na sake faɗa. Tsohon ya miƙa hannu yana lalube, ya wuce ni, ya kamo wuyan hannun Bulus, ya ɗaga shi sama iya inda ƙarfinsa ya kai, ya riƙe.